Kan sarkin C.E.F. na yaƙin Kamaru: yaya ake raba na gaske da jabu?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum. Masana, a haska mini hanya. An kawo tayin kan sarki 13 na Kamarun Jamus masu hoton jirgin ruwa, kowanne an buga masa C.E.F. da kuɗin Ingila a kai, tun daga rabin kwabo har sule biyar. Tare da su akwai ambulan guda mai kan sarki huɗu da hatimin Duala, an yi rajistarta zuwa Ingila. Ta ina ake fara bincike? Ambulan ɗin ta yi dauɗa, gefe guda kuma ya yage, shin in an saya gara a jiƙa ta a ɓamɓare kan sarkin a adana su daban? Kuma yaya ake ajiye irin wannan kaya a ƙasar da damina da hunturu ke karɓa-karɓa?

Mai Hantsaki:

Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗan'uwa, kada ruwa ya taɓa ambulan ɗin nan. Wani zai yi maka bayanin dalili, ni bari in tsaya a kan kan sarkin.

Adadin ya yi daidai, 13 ne. Asalinsu kayan gidan wayan Jamus ne da aka kama a jirgin Professor Woermann a Freetown cikin 1914, farkon yaƙin duniya na ɗaya, aka kai su maɗaba'ar gwamnati aka buga musu C.E.F., wato rundunar da aka tura Kamaru, aka fara sayar da su a Duwala a watan Yulin 1915. Jerin shi ne ɗari, wato rabin kwabo, a kan fenik 3 da kuma a kan fenik 5 (fenik da mak kuɗin Jamus ne). Kwabo a kan fenik 10. Kwabo biyu a kan 20. Biyu da rabi a kan 25. Taro, wato kwabo uku, a kan 30. Kwabo huɗu a kan 40. Sisi a kan 50. Kwabo takwas a kan 80. Manyan guda huɗu su ne sule ɗaya, biyu, uku da biyar a kan mak 1, 2, 3 da 5. In ka ga haɗin da ba ya cikin wannan jeri, magana ta ƙare.

Abin da ya sa jabu ya yi yawa shi ne, kan sarkin Jamus ɗin kansa yana da arha ƙwarai. Bayan Jamus ta rasa Kamaru ta ci gaba da buga su a Berlin tana sayar wa masu tarawa. Mai jabu sai ya sayi na araha ya ɗora haruffa uku da lamba. To a nan ne asirinsa ke tonuwa, domin yakan ɗora a kan takardar da ba a ma buga ta ba a lokacin da aka kama jirgin. Shi ya sa ake fara binciken takarda tukuna, rubutu daga baya.

Kifa kan sarkin a baƙin faranti, ka ɗiga masa ɗigo biyu na ruwan duba alamar cikin takarda. In babu, man leta mai tsabta yana yi, amma nesa da wuta, taga a buɗe. Alamar Jamus tana fitowa kamar idon raga. Na fenik 5, 10, 20 da mak 5 su ne masu alamar. Sauran tara ba su da ita. Fenik 3 mai alama da mak 1 mai alama bugun lokacin yaƙi ne na Berlin, ba su taɓa shiga jirgin nan ba, saboda haka C.E.F. a kansu ƙarya ce komai kyanta. A kan mak 5 kuma ka ƙirga hujin gefe: dogon gefe 26, gajere 17. In ka samu 25 a dogon gefe, bugun yaƙi ne, ka ajiye shi gefe.

Sai rubutun. Nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10. A na gaske da haruffan dalma aka danna, don haka tawada takan taru a bakin harafi ta yi kauri, tsakiya ya ɗan yi haske, in ka juya baya ka haska fitila ta gefe sau da yawa za ka ga ɗan tudun inda harafi ya danna. Na'urar buga takardu ta zamani ba ta dannawa. Mai feshin tawada tana barin ƙananan ɗige-ɗige a gefen harafi, mai garin tawada kuma rubutunta yana ƙyalli yana zaune a saman takarda kamar an liƙa shi. Hatimin roba yana ba da harafi mai kumburi marar kaifi. Launi ma abin lura ne: rabin kwabo da kwabo da shuɗiyar tawada aka fi saninsu, sauran da baƙa. Akwai 'yan ƙalilan na ƙananan da baƙar tawada, kuma tsadarsu ce ta sa ake yawan ƙirƙirarsu.

Haka kuskuren harafin s da ya kife a na sule. Na gaske ne, guda ɗaya yake fitowa a falle, amma duk wanda ya kawo maka shi ba takardar shaida, ka biya shi kuɗin na gama-gari ko ka bar masa kayansa.

Hajiya Mai Ambulan:

Malam ya gama da kan sarki. Abu ɗaya zan ƙara: a kan wanda aka yi amfani da shi, tawadar hatimi ce ke hawa kan C.E.F., ba C.E.F. ke hawa kan hatimi ba. Ka duba daidai inda layukan biyu suka gicciye.

Game da jiƙawa, a'a. Kan sarkin da aka ɓamɓare ya rasa shaidarsa. Ambulan ce ke faɗin ranar da aka aika, da inda ta bi, da ko kuɗin da aka manna ya dace. Yagewar gefe tana rage daraja kaɗan, ɓamɓarewa kuwa tana kashe ta gaba ɗaya.

Ga yadda ake karanta ta. Duwala ta faɗa hannun Ingila da Faransa ranar 27 ga Satumba 1914, kuma Turawan Ingila sun ci gaba da aiki da hatiman Jamus da suka tarar, don haka ganin DUALA da KAMERUN a hatimi ba aibi ba ne. Abin dubawa kwanan wata. In ya gabaci Yulin 1915, ba zai yiwu ba. In ya wuce ƙarshen Maris 1916, lokacin da Duwala ta koma hannun Faransa, sai an yi tambaya mai ƙarfi. Juya bayan ambulan. Wasiƙar rajista ba ta tafiya shiru, dole a samu lambar rajista a gaba da hatimin isowa a baya, na Liverpool, Plymouth ko London, makonni uku zuwa biyar bayan na Duwala gwargwadon tashin jirgi. Wasiƙar da ta isa Ingila cikin kwana shida a 1915 ba jirgin ruwa ne ya kai ta ba, alƙalamin wani ne.

Yanzu lissafi. Wasiƙa mai nauyi ɗaya zuwa Ingila kwabo ɗaya ce, zuwa ƙasar da ba ta daular Ingila kwabo biyu da rabi, rajista kwabo biyu. Ke nan rajista zuwa Ingila taro ne cif. Haɗa kuɗin kan sarki huɗun nan. In sun tashi taro, ko kwabo huɗu ko biyar saboda ƙarin nauyi, wasiƙar aiki ce, kuma ita ce masu tarawa suka fi nema. In sun kai sule da wani abu, wani ne ya shirya ta don tarawa. Ba jabu ba ce, hafsoshi da 'yan kasuwa sun yi haka da yawa, amma farashinta daban. Mu tuna kuma sojan da ke bakin daga yakan aika wasiƙa kyauta, ya rubuta a kai cewa yana bakin aiki ko babu kan sarki, shi ya sa ambulan marar kan sarki mai hatimin tantancewar soja kan fi mai kan sarki goma ƙima.

Tunda sunanka ya nuna Garwa: rundunar arewa ta Janar Cunliffe, wadda Hausawa da yawa ke cikinta, ta ci Garwa a Yunin 1915, Mora kuma ba ta miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Wasiƙunsu akasari ta Najeriya suke fita, ba ta Duwala ba. In aka kawo maka C.E.F. da hatimin Garua, kada daɗin sunan gida ya ɗauke ka, a kai wa masana tukuna.

Ɗan Garwa:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. An haɗa, sun tashi kwabo huɗu, akwai hatimin London a baya. Fenik 3 ɗin da ke cikin jerin kuwa ya nuna idon raga. Shin wannan ya ɓata sauran 12?

Baba Na-Zango:

Bai ɓata su ba, ɗana, amma ya sa kowanne ya zama abin tuhuma. Masu sayarwa kan cike giɓin jeri da abin da suka samu. Ka raba cinikin biyu: ambulan daban, jeri daban, kuma ka sa sharaɗi a rubuce cewa in masana suka ƙi kaya za a mayar da kuɗi. Masu ba da takardar shaida da kasuwa ta yarda da su su ne kwamitin masana na Royal Philatelic Society a London, da kwamitin masana na BPA, shi ma a Ingila, da BPP, ƙungiyar masu binciken kan sarki ta Jamus. Ba kowane ɗan kwabo ne ya cancanci kuɗin shaida ba. Na sule huɗun, da ambulan, da duk mai kuskuren bugu, su ake aikawa. Takardar ta zo da hoton kayan, ka gwada haƙoran gefe ɗaya bayan ɗaya da na hoton, domin akan ɗauki shaidar gaske a raka jabu da ita.

Wannan hanya ta awo ita ce dai a maƙwabta. A Togo, bayan Jamusawa sun miƙa wuya a Kamina a Agustan 1914, maɗaba'ar mishan ɗin Katolika a Lome ta buga TOGO Anglo-French Occupation iri biyu, mai tazarar milimita 3 tsakanin layuka da mai milimita 2, sannan aka sake samun wasu a Sansanne-Mango, garin da sunansa ma daga sansani ya fito, aka buga su farkon 1915. A kan sarkin Gwalkwas (Ghana ta yau) da aka buga wa rubutun Togo a Akra, kalmar OCCUPATION milimita 14 da rabi ce, na London 15 da haruffa masu kauri. Rabin milimita ne ke raba su, don haka rula ta makaranta ba ta isa ba. A yaƙin duniya na biyu akwai masu rubutun CAMEROUN FRANÇAIS 27.8.40, ranar da hafsan Faransa Leclerc ya sauka Duwala, kwana ɗaya bayan Chadi ta gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus. Na Biyafara na 1968, da aka buga a kan kan sarkin Najeriya masu namun daji, kada ka sa musu man leta, launinsu yana iya narkewa. Na Gwalkwas masu takarda mai alli kuma ruwa ne ke wanke su.

Ajiya: laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 55. Sama da haka, danƙon baya ya narke ya kama shafi, jajayen tabo su fito. Da hunturu kuma kan sarki mai danƙo yakan nannaɗe, in ka miƙe shi da ƙarfi danƙon ya tsage. Akwati mai rufuwa ruf, ƙullin tsakuwar shan laima biyu ko uku a ciki, a busar da su a sake sawa duk wata da damina. Littafin ajiya a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba, kuma nesa da bango da ƙasa saboda gara da kyankyaso, su danƙon suke bi. Ambulan ta shiga leda mai tauri ta poliyesta, ba mai laushin nan mai warin roba ba, domin tana fitar da mai tana cin tawada. Ban da salatif a kan yagewar, ban da laminatin. A ɗauki kan sarki da hantsaki mai faffaɗan baki, a ɗauki hoton ambulan gaba da baya da rula a gefe kafin a aika ta ko'ina.