Wannan gyaran asibitocin da ake ta faɗa a Saudiyya, zai iso kanmu kuwa?

Direban Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu aikin asibiti ko waɗanda suka gane kan abin ku taimaka min. Ni direba ne a wani kamfani nan Jidda shekara 14 ke nan, ta'amin ɗin, wato inshorar lafiya, da kamfani ya yi min ya haɗa ni da maiɗakina da yara amma ban da mahaifiyata, aka ce doka ba ta ɗora wa kamfani iyaye ba. Ita kuma Hajiya a kan igamata take, wato takardar izinin zamana a ƙasar, suga ne da ita ga hawan jini, bara kuma ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Duk shekara sai na saya mata ta'amin daga aljihuna don in babu shi igamar ba ta sabuntuwa, kuma ba zan ɓoye muku ba mafi arha nake saye, ga riyal 400 da nake biyan gwamnati duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashina. Makon jiya na kai ta gashin ƙashi wani asibitin kuɗi, tun bayan azahar muke zaune har aka kira magariba muna jiran kamfanin ta'amin ya turo muwafaka, wato amincewarsa zai biya, tana kan keke ƙafa ta kumbura, ruwa ma ta ƙi sha wai kar fitsari ya matse ta. Ƙarshe aka ce an ƙi. Da kuɗin haya na biya.

To kullum ina jin Ru'uya 2030, wato shirin gwamnati na sauya fasalin ƙasar, ana cewa an sauya tsarin lafiya, an yi tajammu'at, an yi kaza. Wai mene ne aka sauya ɗin, kuma irinmu masu igama da tsofaffi a gida akwai rabonmu a ciki ko na 'yan ƙasa ne kawai?

Nas a Madina:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Bari in faɗi iya abin da na gani da idona. A da ma'aikatar lafiya ita ce komai, ita ke da asibitin, ita ke biyan kuɗin, ita ce kuma mai duba ko an yi daidai, wato dai kura ce ke ajiyar nama. Abin da ake son yi shi ne a raba ukun nan. A 2022 majalisar ministoci ta amince a kafa babban kamfanin gwamnati da zai riƙe asibitoci, da wata cibiya daban ta ta'amin na ƙasa da za ta riƙa biyan kuɗin maganin 'yan ƙasa, ita ma'aikata ta koma sa ido. Tajammu'at ɗin da kake ji guda 20 ne, kowanne ya haɗa manyan asibitoci da ƙananan cibiyoyin unguwa na yanki guda, don a tare ciwo tun a unguwa kafin ya kai mutum kwanciya.

Dalilin kuwa lissafi ne. Ƙidayar 2022 ta ce mutum miliyan 32.2 ne a ƙasar, kuma 'yan ƙasa yawancinsu ba su kai 30 ba. Yau yara ne, nan da shekara talatin fa? Ga suga da ƙiba sun yi katutu, duk ɗakin da ka shiga wajenmu sai ka samu mai ciwon ƙafa na suga ko mai wankin ƙoda, shi ya sa ma tun 2017 aka lafta wa lemon kwalba haraji. An ga in aka tsaya jiran mutane su kwanta tukuna kuɗin mai ba zai ɗauka ba.

Amma in gaya maka gaskiya Yaya, wannan ɓangaren duk na 'yan ƙasa ne. Kai da Hajiya kuna ɗaya hanyar, ta dokar ta'amin ta 1999 da Majlis Daman, wato majalisar ta'amin na lafiya, ke kula da ita. Kuma a nan kana da haƙƙin da ba ka karɓa ba, a ƙa'ida minti 60 aka ba kamfani ya amsa neman muwafaka, ba daga azahar zuwa magariba ba. Ka koma su ba ka dalilin ƙin a rubuce ka kai ƙara Hai'at Ta'amin, hukumar da ke kula da kamfanonin ta'amin tun 2024, ta waya ma ana yi.

Hajiyar Shara Mansur:
Ɗana sannu, Allah ya yi maka albarka kamar yadda kake yi wa uwarka. Ni ban san tajammu ba ban san kamfani ba, abin da na sani shekara shida na yi jinyar maigidana a ɗaki ɗaya. Asibiti kwana goma za su riƙe ka su ce ka samu sauƙi a koma gida, to daga nan ne fa ciwon yake farawa. Wa zai juya shi cikin dare kar bayansa ya yi gyambo, wa zai ɗaga shi zuwa makewayi, kunzugun manya kaɗai sai da ya cinye min awarwaro biyu. 'Yata ta bar aikin ɗinki ta zauna da mu. Duk gyaran da za a yi in bai shigo ɗakin nan ba to ni ban ga gyara ba.

Kuma ka gode Allah taka tana da igama. Akwai tsofaffi a unguwar nan an haife su a Makka sun tsufa a Makka ba takarda, ciwo sai ya ci ƙarfinsu ake yin karo-karo a kai su mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa. Lokacin korona a 2020 Sarki Salman ya ce a yi wa kowa maganin korona kyauta har wanda ba shi da igama, ranar na ga mutanen da suka shekara ashirin ba su taka ƙofar asibiti ba sun tafi da ƙafarsu. Ashe in an so ana iyawa.

Ɗan Mai Wurno:
Hajiya kin gama magana wallahi. Ni daga Sudan nake ina aiki Riyad, kuma in na ji kuna kukan muwafaka sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Ta'amin lafiya na Sudan a jiharmu Sinnar aka fara shi a 1995, mahaifina yana da katin yana ji da shi kamar me, shekaru ana ta faɗaɗawa a hankali. Yaƙi ya tashi 15 ga Afrilu 2023, abin da aka yi kusan shekara talatin ana ginawa ya tafi cikin watanni, mai wankin ƙoda a Khartum ya koma neman inji gari-gari. Kuma tun kafin yaƙin ma likitocinmu sun watse, ka shiga asibitin nan ka ƙirga 'yan Sudan nawa za ka gani sanye da farar riga. Ba ina cewa ka yi shiru ba ne Malam, ka bi haƙƙinka. Kawai dai nan akwai ofishin da za ka kai ƙarar.

Mai shago Karantina:
Ni dai abin da ban yarda da shi ba shi ne zancen shigo da 'yan kasuwa. Da zarar an ce kamfani to riba ce, mai ta'amin VIP ya wuce ciki, mai ajin ƙasa ya zauna a benci. Kashi 20 ɗin da muke biya a kan ganin likita ma wani sai ya haƙura ya sayi Panadol a kantin magani. Nas ki gaya mana tsakani da Allah, layi ya ragu?

Nas a Madina:
Malam a wasu wuraren ya ragu, a wasu yana nan. Ɗaukar lokacin ganin likita ta manhajar Sehhaty ya rage cunkoson asuba sosai, in ka kira 937 kuma likita za ka samu ko ƙarfe uku na dare, ga asibitin Seha na intanet da aka buɗe a Riyad 2022, ƙwararre na can yana duba hoton kan mai shanyewar jiki da ke wani ƙaramin gari ba sai an ɗauko shi ba. Wanda bai ragu ba shi ne ƙarancin hannu. Gini shekara biyu an gama, amma nas ɗin da ta iya aiki shekaru ake yi ana renonta, kuma har gobe da yawanmu baƙi ne, daga Filifin da Indiya da Masar da Sudan, kwantiragi na ƙarewa wata ta tafi a sake sabon lale. Batun Hajiyar Shara Mansur kuma, akwai masu zuwa duba marar lafiya a gida, suna wanke gyambo su auna suga su canza robar fitsari, amma ziyara ce, awa guda sun tafi. Sauran awa 23 na 'yar gida ne.

Direban Jidda:
Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya amin amin. Nas wallahi ban taɓa sanin zancen minti 60 ba, yau da safe na koma na ce a ba ni dalilin a rubuce, yaron da ke kantar asibitin ya ɗan yi jim sannan ya buga min. Sai dai da Turanci aka rubuta, akwai wanda zan tura wa hoton ya karanta min kafin in shigar da ƙarar? Gashin ƙashi na gaba ranar Talata ne.