Shawarwari a zaure: sabulun askin da ke jure ruwan Legas

Ɗan Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kan sabulun aski, irin wanda ake bugawa da burushi, ba kumfar gwangwani ba. Kai za a riƙa askewa ƙwalƙwal, sai gyaran saje da ƙasan wuya, da reza mai baki biyu. Da wanne ya kamata a fara? Kuma in aski bai yi kyau ba, ta yaya za a gane laifin sabulu ne ko na hannu?

Wanzamin Agege: Wa'alaikumus salam. Ka fara da Arko. Na Turkiyya ne, kamfanin Evyap ke yin sa, yana zuwa a mulmule cikin takarda, giram 75. Da kitse aka yi shi, shi ya sa yake da santsi, kuma ba ya tsoron ruwan bohol. Aibinsa ɗaya, ƙanshi. Ƙanshin lemon tsami ne mai kaifi, wasu ba sa iya zama da shi. In ka ɓare takardar ka bar shi a buɗe kamar mako biyu, yana raguwa sosai. Yadda ake aiki da shi: ka jiƙa kai da ruwa mai ɗumi minti 2 zuwa 3, ka goga sandar sabulun kai tsaye a kan gashin har ka ga fari-fari ya kwanta, sannan ka ɗauki burushi mai danshi ka riƙa juyawa a wurin. A kan fatar za ka gina kumfar, ba sai da kwano ba.

Mai Kanti Idumota: Gaskiya ne Baba. Sai dai in ƙara, kada a auna sabulu da tsayin kumfarsa. Sabulun wanka ma yana tashi, amma ka duba ƙwayar kumfar, manya-manya ne, kafin ka gama gefe ɗaya sun fashe. Man kwakwa da alayyadi ke kawo irin wannan. Abin da ke riƙe kumfar aski ta tsaya shi ne sitiyarik asid, wani sinadarin maiƙo mai tauri, don haka a juya kwali a karanta. In kalmar stearate ko stearic ta zo a layin farko, an kama hanya. In ka ga tallowate ko tallow, akwai kitsen dabba. In ka ga cocoate, man kwakwa ne, ana son sa amma ba shi kan gaba ba. Sannan sabulun da aka haɗa da fotasiyam ya fi laushi da saurin narkewa, wanda sodiyam ya fi yawa ya fi tauri, ya fi daɗewa, ya fi neman haƙuri wajen ɗiba.

Malam na Obalende: Tunda an ambaci kitse, a sani cewa tallow kitsen shanu ne ko na tumaki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da yadda aka yanka dabbar ba, ya tambayi malaminsa, ko ya ɗauki Proraso, wannan babu kitsen dabba a cikinsa. Abin da ya fi buƙatar a lura shi ne burushi. Yawancin masu arahar nan masu gashi fari mai tauri, in an rubuta boar ko pure bristle, gashin alade ne. A nemi na zaren roba, wanda aka rubuta synthetic.

Wanzamin Agege: Allah ya saka, Malam. Ko ba don wannan ba ma, na roba ya fi dacewa da garin nan. Burushin gashin dabba sai an jiƙa shi kafin aiki, kuma da damina yana iya kwana bai bushe ba, gindinsa ya fara wari. Na roba ka kaɗe shi, ka goga a tawul, kafin azahar ya bushe.

Alhaji na Apapa: Ni ban goyi bayan a tura sabon shiga ga Arko ba in fatarsa mai saurin bushewa ce, don bayan aski yana barin fuska a ɗaure. Proraso ya fi sauƙin hali. Na Italiya ne, daga Florence, tun 1948 ake yin sa, kuma laushinsa ya sa daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa burushi ya ɗiba. Kala-kala ne, kowace da aikinta. Kore yana da mantol da man bishiyar turare, wato eucalyptus, sanyinsa yana da daɗi a zafin watan Maris, amma mai aske kai ya kula, in gumi ya gangaro da shi cikin ido zai ji a jikinsa. Fari an yi shi don fata mai saurin fushi. Ja yana da man kaɗanya da ƙanshin sandal, an yi shi don gashi mai tauri, kuma shi na fi ba irin gashinmu shawara. Inda Proraso ya gaza shi ne santsin da ke saura bayan reza ta wuce. Kada ka koma wurin da ka riga ka aske ba tare da ka sake shafa kumfa ba.

Mai Kanti Idumota: Wannan santsin na baya shi ne inda Cella ya sha gaban Proraso. Na Milan ne, an rubuta 1899 a jikin jar robarsa, da kitse da man kwakwa. Amma akwai abu biyu. Ƙanshinsa na almon yana yi wa wasu zafi, fata ta yi ja tun reza ba ta taɓa ta ba. Na biyu, ba ya son zafi. Akwai mai kilo ɗaya da ake sayarwa a dunƙule, a ƙasashen sanyi ma a firji ake ajiye ragowar. A nan da wuta ke wasan ɓuya, mutum ɗaya kada ya saya, zai canja launi ya fara warin tsohon mai kafin a ci rabinsa. Ƙaramar robar ta isa.

Ɗan Mile 12: To ga tambaya. Wani yana Ajah, ya ce duk sabulun da ya buga kumfar mutuwa take yi, har da Arko ɗin.

Injiniyan Ruwa: Wannan ba sabulu ba ne, ruwa ne, kuma matsalar iri biyu ce da ake haɗa su wuri ɗaya. Akwai ruwa mai nauyi, wato wanda ke ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam. Su waɗannan suna kama sabulu su mai da shi wani farin datti da ke manne wa bokiti da bakin reza, sai abin da ya rage ne ke yin kumfa. Maganinsa a ninka ɗiban sabulu, ko a jefa ɗan garin sitirik asid, wato sinadarin tsamin lemon tsami, abin da yatsu biyu za su tsinta, cikin lita ɗaya ta ruwa. Kada a zarce haka, tsami in ya yi yawa shi ma yana kashe sabulu. Iri na biyu shi ne ruwan zartsi, wanda ake samu a wasu bohol na Lekki da Ajah da sauran wuraren da ke bakin teku, sau da yawa haɗe da ƙarfen da ke sa bokiti ya yi ja. Gishiri yana hana sabulu narkewa yadda ya kamata, kuma babu tsamin da zai gyara shi. A nan sai a canja ruwa. Ledar fiya wata ɗaya, santilita 50, ta isa a jiƙa burushi, a buga kumfa, har a rage na ɗauraye fuska. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, bayan an bar na farko ya wanke kwanon rufi, shi ma yana tayar da kumfa sosai. Gwajin da zai raba gardama: a buga sabulu ɗaya sau biyu, da ruwan gida da na leda, a kwatanta.

Wanzamin Agege: Madalla. Bari in kawo yadda ake buga mai tauri, irin su Tabac na Jamus da Mitchell's Wool Fat na Ingila, don a nan mutane suka fi yanke wa sabulu hukunci bisa kuskure. Zuba ruwa mai ɗumi cokalin shayi ɗaya a kan sabulun, ka bar shi minti 3. Juye ruwan a kwanon da za ka buga, kada ka zubar, akwai sabulu a ciki. Jiƙa burushi ka matse har ya daina ɗiga. Juya shi a kan sabulun daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya, kada kumfar farko mai iska ta ruɗe ka, ci gaba har bakin burushin ya yi nauyi ya manne. Daga nan ka koma kwano ko kan fata, kana ƙara ruwa da kan yatsa, ɗigo huɗu ko biyar a lokaci guda, kana juyawa. Abin da ake nema shi ne ta yi sheƙi da kauri kamar kindirmo, ba a ganin ƙwayar kumfa. In ta yi dusu-dusu tana tsagewa a kan fata tana toshe reza, ruwa ya yi kaɗan. In tana gangarowa wuya kana hango fata ta cikinta, ruwa ya yi yawa ko ɗiban bai isa ba, koma kan sabulu. Kafin ka sa reza, murza kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni. In yatsun suna zamewa, an shirya.

Alhaji na Apapa: Ƙari kan Mitchell's, lanolin ke cikinsa, wato maiƙon gashin tunkiya, yana barin fata da laushi, amma shi ne ya fi kowa tsirfa da ruwa mai nauyi, kuma wasu fatarsu ba ta karɓar lanolin. Sannan shi da Tabac duk an taɓa canja haɗinsu an cire kitse, don haka yabon da aka yi wa tsohon ba lallai ya hau kan wanda ke kanti yanzu ba. A karanta kwali.

Ɗan Mile 12: Sabulun salo fa? Ga shi ko'ina a Legas kuma ba tsada.

Wanzamin Agege: Yana aski, iyayenmu ma da ruwa zalla suka yi da aska. Da tokar ɓawon koko ko na ayaba ake yin sa, da alayyadi, wani da man kaɗanya, yana da saurin kumfa kuma yana tausasa gashi. Amma kumfarsa ba ta tsayawa, kuma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga mai yi zuwa mai yi, wani yana da raɗaɗi, wani da ɓurɓushin toka da ke karce fata. In za a yi da shi, a narka shi a tace, a ɗiga gilisarin ɗigo 3 ko 4, a shafa gefe-gefe ana askewa nan take. Ni dai na fi son sa wajen wanke kai kafin aski, sannan sabulun aski ya biyo.

Nas ɗin Idi-Araba: Ina so in ja hankali kan ƙurajen aski, don da yawa suna canja sabulu suna neman magani alhali ba nan matsalar take ba. Gashinmu a murɗe yake. In an yanke shi ƙasa da fata, ko an ja fatar an aske gaba da kwanciyarsa, sai tsininsa ya lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya kumbura. Sabulu mai santsi yana rage kankara, amma ba zai hana wannan ba. A bi kwanciyar gashi, a wuya musamman, don a can yakan juya. Kada a ja fata, kada a danna reza, a karkata ta kamar digiri 30, wucewa ɗaya ko biyu ya isa. Wanda ƙeyarsa ta fara maƙero ya ajiye reza gaba ɗaya ya ga likitan fata, don wannan yana zama tabo mai tauri. Sabon sabulu kuma a fara shafa kumfarsa a bayan kunne ko cikin hannu minti 5, in ya yi zafi ko ja, wataƙila turaren da ke cikin sabulun ne, a bar shi. Kada a haɗa garin cire gashi da reza a rana ɗaya. Ga wanzamai, Baba ku yi haƙuri, sandar sabulun da aka goga a kan wani kada a goga wa wani, haka dutsen alif. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini ko da ɗan kaɗan ne, kuma ƙwayar tana rayuwa kwanaki a kan kaya.

Wanzamin Agege: Ba laifi 'yar nan, gaskiya kika faɗa. A shago ana gurza sandar da abin goga kuɓewa a danna a roba, a ɗebi na mutum ɗaya da cokali a kwano, alif kuma a daka shi gari a tsinta wa kowa nasa. Reza sabuwa a ɓare a gaban mai aski.

Injiniyan Ruwa: Kan tambayar farko, ta gane laifin wane ne, a canja abu ɗaya a lokaci guda. Reza iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, burushi ɗaya, a ba kowane sabulu aski uku kafin a yanke hukunci. Mai aske kai yana da sauƙi, ya shafa wannan a dama wancan a hagu. Kuma a kashe fanka, iska tana busar da kumfa kafin a kai ƙeya, sai a ɗora wa sabulu laifi.

Alhaji na Apapa: Masu shafa man kaɗanya kafin aski su rage hannu. Girman ƙwayar gyaɗa ya isa kai duka, fiye da haka yana kashe kumfa ya toshe reza. Ya fi amfani a bayan aski, bayan an ɗauraye da ruwan sanyi, an goga alif, an bar shi rabin minti an wanke.

Ɗan Mile 12: Na gode ƙwarai. A ina ake samu, kuma yaya ake ajiya?

Mai Kanti Idumota: A duba wajen masu kayan shafa a Balogun da Trade Fair, da manyan kantuna, da Jumia ko Konga, amma ba kullum ake samun kowane iri ba, na Italiya da Ingila sau da yawa sai an yi oda ko an ba mai zuwa sautu. A duba ranar da aka yi shi, a shinshina, in akwai ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo a jikinsa da warin tsohon mai, ya lalace. Kar a sayi fiye da biyu a tashin farko. Bayan aski a tsiyaye ruwan da ke kan sabulun, a bar murfin a buɗe har washegari, a ɗaki ba a banɗaki ba, in ba haka ba zai yi laushi ya ƙare da wuri. Rezar ma a kwance ta daga mariƙinta a busar, don iskar bakin teku ba ta ɗaukar lokaci take sa mata tsatsa.