"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi": wa ke da abin da aka ƙirƙira a jami'a?

Malamar Adabi:
Assalamu alaikum. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Wasu kan ce "da amsar kuɗi", duk tafiyar ɗaya ce. Tushenta wasan gardawa ne: a sa wa kura takunkumi, a ɗaura mata sarƙa, a zaga da ita kasuwa ana kiɗa, in ta turje a sa mata sanda, 'yan kallo su yi ta jefa kuɗi, gardi ya tsince ya zuba aljihu. Na ɗauko ta ne saboda yadda malaman jami'a ke yawan jefa ta duk lokacin da aka zo maganar wa ke da mallakar abin da aka ƙirƙira a cikin makaranta, magani ne ko na'ura ko manhajar kwamfuta ko littafi. Malami ya ce shi ne kura, jami'a ce gardi. Shin ta zauna a nan kuwa, ko ana ɗora ta ne inda ba gurbinta ba?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina ba ta zauna ba. Kura kamo ta aka yi, ba ta nemi aiki ba, ba ta sa hannu a takarda ba, ba ta jiran albashi ƙarshen wata. Wadda ta fi dacewa da ma'aikaci ita ce "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Dokar Najeriya ta 1970 kan mallakar ƙirƙira da zane, sashe na 2, ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a cikin aikinsa, haƙƙin yi masa rajista na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Amma ba ta bar ma'aikacin hannu rabbana ba. In kwantiraginsa bai ɗora masa aikin ƙirƙira ba, sai dai ya yi amfani da kayan aiki ko bayanan wurin, ko kuma abin da ya ƙirƙiro na da muhimmanci na musamman, to yana da haƙƙin a biya shi lada na adalci, a duba albashinsa a duba darajar abin. Wannan haƙƙi ba a soke shi da yarjejeniya, kuma kotu na iya tilasta biyansa. Malamai da yawa ba su san da wannan ba, sai su tsaya a kan karin magana alhali doka ta ba su ƙofa.

Injiniya:
Barista, ranka ya daɗe, ladan da aka ci na wane aski ne? A nan gizo ke saƙa. An ɗauki malami ya koyar, ya yi bincike, ya wallafa. Ba a ɗauke shi ya ƙera abin sayarwa ba. Wannan hujjar ce ta kayar da Jami'ar Yammacin Ostireliya a shari'arta da Dakta Bruce Gray, likitan da ya ɓullo da hanyar yaƙar sankarar hanta da ƙananan ƙwayoyi masu tururin nukiliya. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wajibcin yin bincike daban, wajibcin ƙirƙira daban, kuma malamin da aka ba 'yancin wallafa sakamakonsa ba za a ce a fakaice an wajabta masa ɓoye shi don jami'a ba. A Suwidin har gobe abin da malamin jami'a ya ƙirƙiro nasa ne. Jamus ma haka take har 2002 da ta sauya. Ke nan ba wai hankali ne ya yanke cewa na jami'a ne ba, zaɓi ne kowace ƙasa ta yi.

Barista:
Gaskiyarka, Injiniya, amma a Ostireliya kotu ta laluba ne don babu rubutaccen sharaɗi mai ƙarfi. Mu namu a rubuce yake cikin doka. Inda maganarka ta fi ƙarfi shi ne ɓangaren rubutu, domin dokarsa daban ce. Littafi, maƙala, takardun darasi, har da manhajar kwamfuta, suna ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Asali a can na marubuci ne, daga ranar da ya rubuta, ko bai yi rajista ba, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Sai dai sabuwar dokar ta ware aikin da ma'aikacin gwamnati ko na hukumarta ya yi a bakin aiki, ta ce na gwamnatin ne in babu yarjejeniyar da ta ce akasin haka. To jami'ar gwamnati hukuma ce a wannan ma'ana? Duk jami'ar da ta san ciwon kanta, ta rubuta ƙarara a ƙa'idojin aiki cewa littafin malami da maƙalarsa nasa ne, a huta.

Jami'in Ofishin Miƙa Fasaha:
Bari in kare gardi, tunda kujerarsa nake kai: ofishinmu ne ke yi wa ƙirƙirar jami'a rajista, ya ba kamfanoni lasisinta. Mai faɗin karin maganar yana ganin ranar kasuwa ne kawai, ba ya ganin wanda ya ciyar da kurar sauran kwanaki. Ƙirƙira daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa kanti hanya ce mai cin kuɗi: binciken ko wani ya riga ka, lauyan da zai rubuta iyakokin abin da kake nema a kare maka, kuɗin shigarwa, sannan kuɗin sabuntawa kowace shekara har shekara 20, in an daina biya takardar ta mutu. Kuma rajistar Abuja a Najeriya kaɗai take aiki. Mai son kariya a Nijar, Kamaru ko Cadi sai ya bi ta OAPI, hukumar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, wadda rajista ɗaya a wurinta ke rufe ƙasashe 17. Yana da wata 12 daga ranar shigarwa ta farko ya nemi na waje, ko ya bi ta yarjejeniyar PCT ta ƙasa da ƙasa kan rajistar ƙirƙira ya samu kusan wata 30. Albashin wane malami ne zai ɗauki wannan? Mafi yawan takardun da jami'o'i ke riƙe da su ko kuɗin rajistarsu ba sa mayarwa.

A duba Amurka. Kafin dokar Bayh-Dole ta 1980, gwamnatin tarayya na riƙe da takardun mallakar ƙirƙira kusan 28,000, waɗanda aka ba kamfanoni lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Dokar ta bar wa jami'o'i mallakar abin da aka ƙirƙira da tallafin gwamnati bisa sharuɗɗa: a sanar da hukumar da ta ba da tallafi cikin wata 2 bayan mai ƙirƙira ya sanar da jami'a, a bayyana cikin shekara 2 ko ana son riƙewa, kuma dole a raba abin da aka samu da mai ƙirƙirar. Tsarin da Jami'ar Stanford ta daɗe a kai a baya shi ne a cire kashi 15 cikin ɗari na ofis da kuɗin da aka kashe, saura a kasa uku: mai ƙirƙira, sashensa, tsangayarsa. Takardar dabarar jera sakamakon bincike ta Google ta Stanford ce duk da Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, ne ya ƙirƙiro yana ɗalibi. Jami'ar ta karɓi hannun jari ta ba da lasisi, ta sayar a 2005 kan dala miliyan 336. Page bai fito a kura ba. Akasin haka ma ya faru: Jami'ar Fulorida ta yi ko-oho da lemon Gatorade da Dakta Robert Cade da abokan aikinsa suka haɗa a 1965, sai da kuɗi suka fara shigowa ta garzaya kotu, aka sasanta a kan kashi 20 cikin ɗari. Irin wannan gardin ne ya cancanci zargi, wanda bai ciyar ba ya zo ranar kasuwa.

Ɗalibar Digiri na Uku:
Malamaina, ku gafarce ni, amma duk kuna ta magana tsakanin malami da jami'a, kun tsallake mai takunkumin. Wa ke kwana a ɗakin gwaji yana jiran injin ya kai zafin da ake so, yana sake gwaji don wuta ta ɗauke a tsakiya? Ɗalibi ne da ma'aikacin ɗakin gwaji. Sau da yawa da kuɗin aljihun ɗalibin ake sayen sinadaran. Ranar cike takardar rajista sai a rubuta sunan mai duba aiki da na shugaban sashe. Ɗalibin ba zai iya buɗe baki ba, domin wanda zai yi wa ƙorafi shi ne zai sa hannu a kundinsa. In akwai inda karin maganar nan ta zauna daram, to nan ne.

Barista:
'Yar'uwa, kin taɓo wurin. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, kuɗin makaranta ma yake biya, don haka sharaɗin "a cikin aikinsa" bai hau kansa ba, sai in an ɗauke shi mataimakin bincike ana biyansa, ko ya sa hannu ya sallama. Dokar 1970 ɗin ta ce mai ƙirƙira na ainihi yana da haƙƙin a ambaci sunansa a takardar, kuma ba a sayar da wannan haƙƙi. Ta kuma ce wanda ya taimaka kawai ba tare da ya kawo dabara ba, ba mai ƙirƙira ba ne. Wuƙar tana yanka ta kowane gefe: shugaban sashen da ya sa hannu a takardar sayen kaya ba ya ciki, haka ma ɗalibin da ya bi umarni tiryan-tiryan, ko ya yi wata shida yana aunawa. Amma ɗalibin da ya ce a sauya sinadari kaza da kaza, abin ya yi, yana ciki. Jerin sunayen maƙala da jerin masu ƙirƙira ba abu ɗaya ba ne, kuma cusa sunan girmamawa ko cire na mai haƙƙi na iya zama sanadin rushe takardar a wasu ƙasashe.

Hujja ita ce littafin ɗakin gwaji: mai ɗinki ba mai zare shafi ba, shafuka masu lamba, rubutu da biro, kwanan wata a kowane shafi, kuskure a ja masa layi ɗaya kada a goge, wani da ba ya cikin aikin ya karanta ya sa hannu.

A kuma kula da takardun da ake sa wa hannu a ƙofar kamfani in an je koyon aiki. Dakta Mark Holodniy, mai bincike a Stanford, ya rubuta wa jami'ar cewa ya yarda zai miƙa mata abin da zai ƙirƙiro. Da ya je kamfanin Cetus koyon wata dabara, ya sa hannu a takardar baƙi mai cewa ya miƙa wa Cetus yanzu. Alkawari da aikatawa suka haɗu, aikatawa ta yi nasara. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi yarda cewa dokar Bayh-Dole ta mallaka wa Stanford kai tsaye, kamfanin Roche da ya sayi haƙƙin Cetus ya tsira da rabonsa a na'urar auna ƙwayar cutar ƙanjamau a jini.

Jami'in Ofishin Miƙa Fasaha:
Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, yawancin ƙirƙirar jami'o'inmu tana mutuwa kafin a kai ga rabon. Sharaɗin rajista shi ne abin ya zama sabo, bai fita ga jama'a ba a ko'ina a duniya. Malami na neman ƙarin girma ya wallafa, ɗalibi ya kare kundi a zauren da kowa ke shiga, laburare ya ɗora kundin a intanet, ko a ɗauki bidiyon na'urar a sa a Facebook don murna. Shi ke nan. Amurka na ba da rangwamen shekara guda, Turai ba ta ba da irinsa, namu rangwamen wata 6 ne kuma na baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi kawai. Tsarin shi ne: a cike takardar sanar da ofis tun kafin a aika maƙala, a nemi a jinkirta sakin kundin, masu jarrabawa su sa hannun riƙe sirri, a shigar da buƙata, sannan a wallafa. Hukumar NOTAP, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta a Najeriya, na taimaka wa masu bincike wajen shigarwar, ita ce ma ta kafa irin ofisoshinmu a jami'o'i da dama.

Malamin Harhaɗa Magunguna:
Akwai mutum na huɗu da ba ya cikin rajistar makaranta sam: mai maganin gargajiyan da aka je wurinsa aka tambayo saiwa da ganye. Shi ya sa na fi son "Da abokin daka ake shan gari." Maganin sikila na Niprisan misali ne na gida. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta samo haɗin daga Rabaran Paul Ogunyale: masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace. Aka yi yarjejeniya da shi a rubuce, aka sa sunansa cikin masu ƙirƙira. An ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, magani ya fito da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe, aka janye lasisin, masu ciwo suka rasa magani na tsawon lokaci. Darasi biyu ne: sa sunan mai ilimin tun farko abu ne mai yiwuwa, kuma lasisi na kamfani ɗaya tilo dole ya ƙunshi sharaɗin yawan abin da za a sarrafa da wa'adin ƙwacewa in an gaza.

Malamar Adabi:
Na gamsu da ɗalibarmu. Ba kowace wahala ce ke sa a kira mutum kura ba, sai wadda aka haɗa da ɗaure baki. Malamin da ke da ƙungiya, da kujera a majalisar jami'a inda ake zartar da ƙa'idar, da damar zuwa kotu, in ya faɗe ta a kan kansa ya yi wa karin maganar nauyi.

Injiniya:
Malama, ban sallama duka ba. Ƙaramin malamin da bai samu tabbacin aiki ba, bakinsa a ɗaure yake kamar na ɗalibi. Barista, tambaya: wasu makarantu na cusa layi a takardar rajistar shiga cewa duk abin da ɗalibi ya ƙirƙiro na makaranta ne. Wannan ya ɗaure shi?

Barista:
Sa hannu sa hannu ne, kotu za ta fara daga nan. Amma layi mai faɗi haka, da ya haɗa har manhajar da yaro ya rubuta a ɗakin kwanansa da kwamfutarsa, yana da sauƙin ƙalubalanta, kuma ba ya taɓa haƙƙin ambaton suna. Abin da ya fi tsayuwa shi ne takarda ta musamman ga kowane aiki, a sa hannu kafin a fara: wa ya ba da tallafi, me sharaɗinsa ya ce, kaso nawa ɗalibi zai samu daidai da na malami, wata nawa za a jinkirta kundi, kuma in jami'a ba ta shigar da buƙata cikin wa'adi kaza ba, haƙƙin ya koma ga masu ƙirƙirar. Ɗalibin da ya ƙi sa hannu a ba shi wani batun binciken, kada a riƙe masa digiri.