Idan ɗan fari ya zo da sikila, ƙannensa uku sun tsira ke nan?

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum. Yayana da matarsa dukansu AS ne, wato suna ɗauke da sikila a ɓoye, ɗansu na fari ya fito SS, mai ciwon sikila. Dangi suna cewa tunda ɗaya cikin huɗu ne, ukun da za su biyo baya lafiya lau za su zo. Haka ne?

Malamin kimiyya, Kawo: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Lissafin nan ba daidai ba ne. Uba yana ba yaro ƙwayar gado ɗaya, uwa ta ba shi ɗaya. Ki samu ƙwarya biyu, kowacce ki sa farin wake ɗaya da ja ɗaya. Farin shi ne A, ƙwayar lafiya, jan shi ne S, ƙwayar sikila. Rufe ido, ki zaro ɗaya daga kowace ƙwarya, ki duba, ki mayar. Fari da fari AA, kashi 25 cikin 100. Fari da ja AS, kashi 50. Ja da ja SS, kashi 25.

Mayarwar nan ita ce maganar, don kowane ciki daga cikakkiyar ƙwarya yake zara. Yiwuwar a ce ukun duk sun tsira 27 ce cikin 64, ko rabi ba ta kai ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Barnawa: Hajiya, duk jaririn da suka haifa nan gaba a gwada shi, amma a san irin gwajin. Gwajin da ake ɗiga jini a duba ko ya lanƙwashe, S kawai yake nunawa, ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C, wata ƙwayar gadon daban da A da S. Ku nemi gwajin elektroforesis ko HPLC, su ne ke raba su. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, in ba haka ba jinin wani za a karanta masa. Jariri kuma a maimaita masa bayan wata shida, lokacin jinin da ya zo da shi daga ciki ya ragu. AS da AC ma suna haifar SC, shi ma ciwo ne.

Ungozoma, Unguwar Rimi: Haka zabiya take. Iyaye baƙaƙe biyu, kowa na ɗauke da ita a ɓoye, su haifi zabiya, sai a hau zargin uwa, alhali rabin abin daga uba ya fito. Yaron nan mai sikila dai, 'yata, ya riƙa kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa sosai, a rufa shi da hunturu. Da zarar jikinsa ya yi zafi, asibiti a ranar.