Ina ne ya fi dacewa a je kallon taurari a yankin sahara?

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum. Daga Jos, ina ne mafi kusa da mutum zai samu rairayin sahara da duhu sosai don kallon taurari? Kuma wane wata ya fi?

Malamin Labarin Ƙasa: Wa alaikumus salam. A Najeriya dai tudun rairayin Tulo-Tulo ne, a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe. Za ka bi ta Bauchi, Potiskum, Gashuwa. Amma lokaci ya fi wurin muhimmanci. Mutane kan ɗauka hunturu ne ya fi saboda babu hadari, alhali daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ke tokare sama, sai manyan taurari kaɗai suke ratsowa. Ka nufi ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke, iska ta wanku, hazo bai kankama ba.

Sannan ka duba kwanan watan Musulunci. Daga 25 ga wata zuwa 3 ga sabo, nan ne duhu. Daren sha huɗu kuwa, ko tsakiyar hamadar Tenere ta ƙasar Nijar ka je, farin wata zai shanye maka komai.

Hajiya ta Kubwa: Malam ya yi daidai. Ƙari a kai, ƙanena: ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Ka rufe bakin tocila da jar leda. Idan za ka yi amfani da Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar taurari, ka kunna jan haskenta.

Ba sai da babbar na'ura ba. Madubin hangen nesa na hannu mai lamba 7x50 ko 10x50 ya wadatar, da shi za ka ga Kaza da 'Ya'yanta sun zama taurari gommai, ba shida ko bakwai da ido ke gani ba. In yashi ya hau gilashin, kada ka goge da bakin riga, zai karce shi. Hure shi tukuna.

Direban Arewa: Mota mai jan ƙafa huɗu, kuma a rage iskar taya kafin shiga rairayi, in ba haka ba ta nutse. Ku isa da sauran rana, ku gaida mai gari, ku nemi ɗan jagora, ku tambayi halin tsaro kafin ku bar Gashuwa. Ruwan sha aƙalla lita 4 ga kowa a yini. Bargo da rigar sanyi, don asubar can tana da cizo. Tabarma kuma a shimfiɗa nesa da gindin ciyawa, a zazzage takalmi kafin a sa saboda kunama.

Malamin Labarin Ƙasa: Kafin doguwar tafiya, ka fara gwadawa a gida. Jos na kan tudun da ya kai mita 1,200, ka fita wajen Riyom, ka ba wa hasken gari baya, ka fuskanci kudu.