Neman kalma: me za mu kira jerin masoyan da mawaƙi ya tara da hannunsa?

1/ 'Yan uwa masu harkar waƙa da masu kishin harshe, ina neman shawararku. Matasan mawaƙanmu na Kano masu cin gashin kansu, waɗanda ba su da kamfani ko ubangida, bakinsu ya kama kalmomi biyu na Turanci: "fanbes" da "imel lis". Ta biyun nake so mu raɗa wa suna.

2/ Ta farkon ba ta da wuya. Fanbes masoya ne, shi ke nan. Na ga an rubuta "tushen masoya" da "sansanin magoya baya", amma ban taɓa jin wani ya faɗi haka a situdiyon Zoo Road ba. Magoya baya na 'yan siyasa ne da Kano Pillars. Masu tsananin so kuwa, irin wanda zai biya kuɗin mota daga Wudil don wasan Sallah, tuntuni suna da suna: 'yan ga-ni-kashe-ni.

3/ Ta biyun jeri ne na adireshin imel ko lambobin waya na mutanen da suka ba mawaƙi da kansu, suka ce in ka saki waƙa ko za ka yi wasa, ka sanar da ni. Yana ajiye a wayarsa ko kwamfutarsa, zai iya kwafe shi ya kai duk inda ya ga dama.

4/ Shi ya sa "mabiya" ba za ta yi ba. Mabiyanka na TikTok da Instagram a gidan wani suke zaune, kamfanin ne ke zaɓar wanda zai ga abin da ka ɗora. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda jama'arsa ke can kaɗai sai ya koma lalube. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa na shekaru da dama sun salwanta, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Ga kuma masu kutse, dare ɗaya su kwashe maka shafi.

5/ Matsalar ta daɗe. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Shata yana da iyayen gida a garuruwa, kowannensu ya san mai ɗaukar nauyinsa ido da ido. Da kaset da faifai suka zo, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka tsaya tsakanin mawaƙi da mai saurare. Bayansu masu tura waƙa a memori. Yau manhajojin sauraron waƙa irin su Audiomack da Boomplay da YouTube, da Spotify da ya shigo Najeriya a 2021, za su nuna maka sau nawa aka ji waƙarka, amma ba za su ba ka lambar ko mutum ɗaya ba. Abin yana ci mini rai: yaro ya yi waƙar da ake sawa a kowane adaidaita sahu, ranar da zai yi wasa ya rasa wanda zai kira.

6/ Kalmomin da aka kawo mini. "Rajista" tana ƙamshin ofis da katin zaɓe. "Rumbun masoya" yana da daɗin faɗa, sai dai ba na son a lissafa mutane da hatsi. "Zaure" ya dace da gurup na WhatsApp inda kowa ke magana, nan kuwa saƙo ne ke zuwa wa kowa shi kaɗai.

7/ Ni na tsaya a kan KUNDIN MASOYA. Mun san kundin malam: takardun da ya tara shekara da shekaru, kaɗan-kaɗan, a gafaka, ba ya barin kowa ya buɗe. Kalmar tana ɗauke da tarawa, da mallaka, da amana. Amanar nan kuwa har doka ta shigo cikinta, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda ka kwashi lambar mutum ka yi ta tura masa talla ba da izininsa ba. Wanda ya sayi lambobi ko ya kwaso su daga gurup ɗin biki bai tara kundi ba.

8/ Wani malaminmu ya ce kundi ya riga ya zama na tsarin mulki da na digiri. Allah ya gafarta Malam, hakan ma hujja ce a gare ni. Kalmar ta saba ɗaukar sabon kaya, kuma "masoya" da ke biye da ita ta raba gardama.

9/ Da gangan na bar "imel" daga cikin sunan. Da yawan mutanenmu, yaron da ya saita musu waya a kasuwar waya ta Farm Centre ne ya buɗe musu Gmail, ba su taɓa leƙa shi ba. Lambar waya ta fi kai saƙo a nan. Sai dai tura saƙon bai-ɗaya a WhatsApp yana tsayawa a mutum 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Imel ya fi amfani ga masoya na Saudiyya da Ingila da ɗaliban jami'a. Kundi ya ɗauki duka biyun.

10/ Na gwada kalmar a baki. A ƙofar wurin wasa, tebur da littafi da biro, mai tsaron teburin yana cewa: "Yaya, ka shiga kundi? Rubuta suna da gari da lamba, za a turo maka waƙar da ba ta fita ba." Rubuta garin yana da amfani, da shi mawaƙi zai san Zariya zai kai wasa na gaba ko Maraɗi. "Ina da mutum ɗari uku a kundi." "A cire ni daga kundi." Duk sun zauna daram.

11/ Saura saƙon da ake tura wa 'yan kundi lokaci-lokaci. "Wasiƙar masoya" za ta kai hankali ga soyayya. Ina tsakanin "saƙon kundi" da "albishir". Mawaƙa, ku da za ku yi amfani da ita, wacce ta fi zama a bakinku?