Musayar baiti: sikuta, kacici-kacici da AI (ƙirƙirarriyar basira) a aji

Maman Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau ni zan buɗe fage dan wlh raina a ɓace yake tun jiya, ƙanina ne ya faɗo daga kan sikutar nan mai caji.

Sikuta mai caji, ba ƙara ba hayaƙi,
A tsaye ake hawa, ba wurin jingina jiki,
Taya 'yar mitsitsiya ta faɗa rami kafin ya ja birki,
Ba hular kwano a kai, ga haɓa yau da ɗinki.

Kawu Sale:
Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya 'yata.

Mutanen Paris sun gaji da karo a gefen hanya,
A 2023 suka yi ƙuri'a kan sikutar haya,
Kusan 90 cikin 100 suka ce a kwashe baki ɗaya,
Satumba na kamawa aka bar su da tasu ta saya.

Abba:
Kawu a gafarce ni zan ɗan ja da kai kaɗan

A Jamus kilomita 20 a awa, nan ta tsaya,
Sai ka kai shekara 14, inshora kuma ka biya,
Wani ko goyo yake yi, kunne a toshe da waya,
Laifin mahayi ne Kawu, kar a ɗora wa taya.

Gwaggo Asabe:
Ni dai na fi son mota mai ƙofa. Ku zo mu yi zancen shirin kacici-kacicin talabijin, shi ne nawa, in ana yi ko sallama ba na ji

Ga kujera ga fitila, ga tambaya a allo,
Amsa huɗu a jere, gumi na zuba ana kallo,
Ya kira aboki a waya, zuciyata na tsalle kamar ƙwallo,
Da ya ci na yi guɗa, na manta da jika a goyo.

Malam Habu:
Gwaggo kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. A 2011 kwamfutar IBM mai suna Watson ta kada zakaru biyu a gasar Jeopardy ta Amurka, lokacin mun ɗauka abin kallo ne kawai, to yanzu ga shi ya biyo mu har cikin aji, tun da ChatGPT, AI ɗin nan mai amsa tambaya da yi wa mutum rubutu, ya fito a Nuwamban 2022 ban ƙara duba aikin gida da kwanciyar hankali ba.

Yaro ya kawo min insha'i, ba gyara ko na wasali,
Na ce karanta layi na biyu, ka faɗa min dalili,
Ya sunkuyar da kai yana murza bakin littafi a hankali,
Na koma ofis na zauna, abin ya tsaya min a rai ba ɗan ƙalili.

Abba:
Malam ni ma ɗalibi ne, ka ji nawa

Dare ya raba, lissafi ya ƙi, ba wanda zan tasa,
Na ce ChatGPT ya nuna min mataki-mataki, kar ya ba ni amsa,
Sau uku ina tambaya, bai gaji ba bai yi tsawa ba bai fasa,
Da safe na warware a allo da hannuna, ba waya a kusa.

Malam Habu:
Madalla ɗana, irinka nake nema. Makarantun gwamnati na New York ma sun toshe ChatGPT a Janairun 2023, zuwa Mayu suka buɗe. Amma ka riƙa dubawa, yakan ƙirƙiro ƙarya ya faɗe ta ba ko ɗar.

Ni dai daga makon gobe a gabana za a yi rubutu,
Biro da takarda, waya a jaka ta sha hutu,
Wanda ya tambayi na'ura a gida ya zo ya kare batu.

Maman Hanifa:
Malam baitinka saura layi ɗaya, bari in cike maka

Ni kuma na sayo hular kwano, sai ya sa ko ya bar hawa, mun gama batu.

Ƙanin nawa ya farka yanzun nan yana neman ruwa, bari in je, Gwaggo ki riƙe min fagen.